Awon Mma Adizatu

Ran wata Talata da hantsi ina tsakiyar duba masu ciki, wayata ta dinga ruri a aljihu. Ba na ɗaga waya a bakin aiki, amma da kira na uku ya shigo sai na leƙa, na ga sunan Abdul-Gafar, babban ɗan Mma Adizatu, wadda ta koya mini aiki. Na ɗaga da sauri. Tsohuwar ta haura tamanin, ga shi shekara biyu ke nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe mata hannun hagu.

"Sista Farida, kwantar da hankalinki, lafiya lau," in ji shi. "Ga ta nan, ita ke son magana da ke."

Na ji ana miƙa waya, sai ga muryar nan mai kauri.

"Farida. Dasiba," ta gaishe ni da Dagbanci, wato ina kwana.

"Naa, Mma. Ya jiki?"

"Jiki na nan inda kika bar shi. In kin tashi aiki ki zo Bulpiela. Ki zo da tef da abin awon jini."

Ta kashe. Haka take tun da can, ba ta ja wa magana wutsiya.

Sunana Faridatu, ungozoma ce ni, a zangon Tamale ta ƙasar Gana aka haife ni. Kakana daga wajen Katsina ya zo fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Shekarar 1996, ina gama makaranta, aka tura ni wani ɗan gidan haihuwa a Gumbihini: ɗaki uku, rufin kwano, da dalbejiya a ƙofa inda mata ke shimfiɗa zane su jira. Mma Adizatu ce babba a wurin. Doguwa ce, baƙa, 'yar Dagomba, kullum da fararen takalman roba da ta wanke da kanta. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne a bakinta, har ni "Farida ka zo" take ce mini. A nan da tawa Hausar zan faɗi maganganunta.

Ranar farko ta miƙo mini tef irin na tela ta ce in auna wata mata. Na ɗora daga ƙashin mara zuwa inda mahaifa ta tsaya, na ce talatin da biyu, wato ciki ya kai kamar mako talatin da biyu. Haka aka koya mana, ni kuwa ina ji da kaina.

"To, ɗan nawa ne nauyinsa?" ta tambaye ni.

Na sake duban tef ɗin.

"Tef girman ɗaki yake gaya miki," ta ce, "bai san wanda ke kwance a ciki ba. Kawo hannunki."

Ta ɗora tafinta a bayan nawa ta dinga bi da ni a hankali. Ga kai can ƙasa, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Ga baya, ga ɗuwawu. Wannan laushin da kike ji ruwa ne. Wannan kuma kitsen uwar ne, kada ki ba wa ɗa abin da ba nasa ba. Da muka gama ta ce kilo biyu ba giram ɗari, in an bar shi ya cika watanninsa zai kai uku da ɗan wani abu. Bayan wata biyu matar ta haihu, muka ɗora jaririn a sikeli, ya yi uku da ɗari biyu.

Ran da ta je kasuwar Aboabo takan sayo doya manya da ƙanana, ta naɗe ɗaya cikin zane, ta ɗora matashin kai a sama, ta ce in lalube in faɗi nauyi. In na faɗa sai mu ɗora a sikelin jarirai mu gani. Da farko har da kilo guda nake kuskurewa, ta yi ta dariya tana buga cinya. Da rana kuma mu dafa doyar mu daka sakwara, mu ci da miyar gyaɗa a gindin dalbejiya, mu da duk macen da ta rage ba ta tafi gida ba. Ban ƙara cin sakwara mai daɗin wannan ba.

Amma abin da ya fi cin lokacinta tambaya ce. Kafin ta taɓa ciki sai ta zaunar da mace. Me kika ci jiya? Wa ke ɗebo miki ruwa? Na goye watansa nawa kika samu wannan? Da gidan sauro kike kwana, ko an mayar da shi shingen lambu? Ta ja fatar ido ta duba, ta juya tafin hannu, ta danna ƙafa da yatsa ta ga ko rami zai zauna. Takan ce rabin nauyin ɗa daga bakin uwarsa ake jin sa. Ita ta fara nuna mini cewa 'ya'yan da aka yi rainon cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, mata na duƙe a gona ko suna yawon tsintar kaɗe, sun fi zuwa ƙanana. In ta ga mace ta yi fari, ba ta tsaya kan ƙwayoyin ƙarin jini kawai ba, sai ta aika a kira mijin ta lissafa masa: wake, alayyafo, yakuwa, busasshen kifi, ƙwai, daddawa. Maza suna shakkar ta.

Mata kan ce idonta mudu ne. Ita kuwa sai ta ce a'a, ido ba mudu ba ne, kima kawai ya sani. Ban gane nauyin wannan magana ba sai ran haihuwar Zuweira.

Zuweira mai sayar da atamfa ce, mace mai jiki, wannan haihuwarta ta biyar, duk na baya lafiya ta sauka. Cikin ya yi girma ƙwarai. Mma ta taɓa, ta sake taɓawa, ta ce jikin uwar ne da yawan ruwa, ɗan ba zai wuce uku da rabi ba, za ta iya haihuwa a wurinmu. A lokacin ba mu da abin gwajin sukari. Ran wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, naƙuda ta kankama. Kai ya fito, kafaɗa ta ƙi. Na danne ƙafafun Zuweira zuwa ƙirjinta, Mma ta sa hannu tana juyawa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ban san minti nawa aka yi ba. Da ƙyar yaro ya fito, ba numfashi, sai da muka yi ta fama kafin ya yi kuka. Kilo huɗu da ɗari bakwai. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai taɓa ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Daga baya a babban asibiti aka gano Zuweira na da ciwon sukari.

Ranar Mma ba ta ci abinci ba. Ta zauna a gindin dalbejiya har la'asar sakaliya, na je na tsuguna kusa da ita.

"Na tambaye ta komai," ta ce, "ban tambaye ta ƙishirwa ba. Ga ta nan kullum da gorar ruwa a hannu, ina gani."

Zuweira ba ta taɓa ɗora mata laifi ba. Yaron, Masahudu, ya girma har ya zama malamin makaranta, da hagu yake rubutu a allo. Duk da haka, tun daga ranar Mma ba ta ƙara faɗin nauyin ɗa ba tare da ta ce "amma" a ƙarshe ba, kuma duk cikin da ya yi mata shakka, babba ko ƙarami, babban asibiti take turawa ko da mace na kuka.

Ta yi ritaya a 2002. Bayan wasu shekaru aka nemi ungozomomi da za su je Kumasi koyon na'urar hoton ciki, wadda kowa ke ce wa sikan. Na je neman shawararta ina tsoron kada ta ga kamar na raina abin da ta koya mini.

"Ke mahaukaciya ce?" ta ce. "Tashi ki je. Da muna da wannan abu ran Zuweira, da yaron nan da hannu biyu yake tafi. Sai dai kada ki ɗora wa mace ƙarfe kafin ki taɓa ta da hannu."

Wannan Talatar na tashi aiki ƙarfe biyu, na hau babur ɗina. Na bi ta Gumbihini ko da yake ba hanya ba ce. Gidan haihuwar an daɗe da rufe shi, yanzu shagunan gyaran waya ne guda uku, an sare dalbejiyar an kafa rumfar kwano. Ban tsaya ba.

A Bulpiela na tarar da Mma a baranda kan kujerarta, hannun hagu a cinya kamar ba nata ba. Gefenta kan tabarma jikarta Hikmatu ce zaune, 'yar Abdul-Gafar, ta cika ta yi fam. Ni na karɓi haihuwar Hikmatu shekara ashirin da huɗu da suka wuce, don Mma ta ce ba ta karɓar jininta, hannu rawa yake yi. Yanzu ga ta da cikin fari. A Gurugu take aure, tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, mijinta Razak kuma bakaniken babura ne.

"Anti Farida, don Allah ki yi wa Kaka magana," ta ce tun kafin in cire takalmi. "Gaisuwa na zo jiya, ta hana ni komawa. Yau ban ɗora tukunya ba, masu saye na ta kira na. Ga takardar sikan nan, an ce komai lafiya."

Na karɓa na duba. Gaskiyarta, komai daidai, amma hoton na wata shida ne. Yanzu ciki na mako talatin da huɗu, kuma littafin awonta ya nuna sau biyu ba ta je ba.

"Ɗan nan ya tsaya," in ji Mma. "Wata guda da ya wuce na taɓa. Jiya na sake taɓawa, kusan inda na bar shi. Sun ce tsufa ne ke damuna. Wataƙila. Hannu ɗaya gare ni yanzu, hannu ɗaya kuwa ba ya awo. Ara mini naki."

Muka shiga ɗaki, Abdul-Gafar ya kamo mahaifiyarsa ya zaunar da ita bakin gado ya fita. Hikmatu ta kwanta tana ƙunƙuni. Na auna da tef: ashirin da tara. Na sake: ashirin da tara. Na ajiye tef na sa hannu. Mahaifar ta manne wa ɗan kamar rigar da ta yi kaɗan, ruwa ba yawa, gaɓoɓinsa a fili ƙarƙashin yatsuna. Yana motsi, zuciyarsa na bugawa daidai.

"Nawa?" Mma ta tambaya a hankali.

"Ɗaya da rabi. In ya yi yawa, da ɗari shida."

"Haka na ji ni ma, amma..." Ta juya wajen jikarta. "Ke, gaya wa antinki abin da kika gaya mini."

Da kaɗan-kaɗan maganar ta fito. Tun asuba take tsaye gaban murhun itace har azahar. A watan Agusta ta yi zazzaɓi kwana biyar, ta sayi magani a kemis ba ta je asibiti ba. Ƙwayoyin ƙarin jini tashin zuciya suke sa ta, ta daina sha. Sannan ƙawayenta sun ce ta yi sa'a da cikin bai fito ba, ƙaramin ɗa ba ya wahalar haihuwa, har ta rage cin tuwon dare don kada ya girma.

"Kanki na ciwo?" na tambaye ta.

"Kwana uku ke nan. Hayaƙi ne."

Na dubi ƙafafunta, sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Zoben aurenta ya nutse a yatsa. Na ɗaura mata abin awon jini, ya nuna ɗari da hamsin bisa ɗari. Na bari ta huta na sake, bai sauka ba.

"Hikmatu, tashi ki sa mayafi," na ce. "Kira Razak ya same mu a asibiti. Yanzu, ba gobe ba."

Sai a lokacin ta daina fushi, idonta ya kawo ruwa. "Anti, mutuwa zai yi?"

"Ba mu zo nan don haka ba. Yana da rai, yana da ƙarfi. Abinci ne ba ya isar sa, za mu je mu ga dalili."

Abdul-Gafar ya tsayar da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku. Muna shirin shiga sai Mma ta ce a miƙo mata sanda da mayafi. Ɗanta ya ce ta zauna, za a kira ta a waya. Ta yi masa kallo ɗaya, ya je ya ɗauko mayafin.

Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa ganin sikan na aiki ba, labari kawai take ji. Na sa aka ajiye mata kujera dab da allon na'urar. Da na shafa wa Hikmatu man a ciki na ɗora, kan ɗan ya bayyana, sai tsohuwa ta matso har goshinta na neman taɓa gilashi.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Shekara arba'in ina laluben mutanen nan a duhu. Ashe haka suke zama."

Na nuna mata yadda ake yi. A auna faɗin kai da kewayensa, a auna kewayen cikin jaririn, a auna ƙashin cinya, sai na'ura ta haɗa ta fitar da nauyi.

"Ba ɗora shi take yi a sikeli ba ke nan."

"A'a, Mma. Lissafi ne. Takan kuskure da ɗari biyu, sama ko ƙasa."

Ta yi dariyar nan tata ta da, ta buga cinya da hannun dama. "Ashe 'yar'uwata ce. Ita ma da 'amma' take magana."

Na'urar ta ce kilo ɗaya da ɗari shida da hamsin. A wannan mako ya kamata a ce ya haura biyu. Kan ya kusa kai girman makonninsa, amma cikin jaririn na mako talatin ne, ruwa ya ragu, jinin da ke bi ta cibiya kuma yana tafiya da ƙyar. Gwajin fitsari ya nuna hawan jinin na ciki ne, irin wanda ba a wasa da shi, ga kuma ƙarancin jini. Likitar da ke aiki ranar ta duba ta ce a ba ta gado.

Razak ya iso da baƙin mai a hannu, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya gaishe da Mma a tsugune, sannan ya ja ni gefe.

"Madam, me ya jawo? Ni ne ban kula ba?"

Na ce masa ba abu ɗaya ba ne. Mabiyiya ita ce ke ciyar da ɗa, hawan jini kan matse hanyoyinta, zazzaɓin sauro kan ɓata ta, ƙarancin jini da tsayuwar yini kuma sun ƙara. In abinci ya yi kaɗan, ɗa kan tura abin da ya samu zuwa kai, jiki ya jira, shi ya sa ya rame. Hawan jinin kuwa yakan zo wa mai cikin fari ko da ta yi komai daidai.

"Yanzu me za a yi?"

"Za a riƙe shi a ciki muddin cikin ya fi masa waje. Ran da waje ya fi, a fito da shi."

Kwana tara Hikmatu ta yi a kwance. Aka yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jariri, aka ɗora ta kan maganin hawan jini, kullum ana sauraren zuciyar ɗan. Na ba ta takarda tana yin zane duk lokacin da ya motsa. Razak kan zo da rana da tuwo da miyar ayoyo da ƙanwarsa ta dafa, ya zauna sai ta cinye. Mma kuwa kowace safiya sai ta kira ni, ba gaisuwa mai tsawo, tambaya biyu ce: jini nawa, motsi nawa.

Ran kwana na tara, Alhamis, jinin ya hau duk da magani, zanen takardar kuma ya ragu. Likita ta ce ba sauran jira, aiki za a yi. Hikmatu ta riƙe hannuna har ƙofar ɗakin tiyata tana cewa in shiga da ita, na ce ai ni zan karɓa. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci aka miƙo mini yarinya, 'yar firit, fata duk ta yi tamoji kamar tsohuwa, ido a buɗe. Ta yi wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Na goge ta na ɗora a sikeli: kilo ɗaya da ɗari bakwai da ashirin. Mabiyiyar da ta biyo baya ƙarama ce, wani sashenta ya yi fari ya taurare.

Na fito na kira Bulpiela. Na faɗa wa Mma.

"Ta yi kuka?"

"Ta yi, Mma."

"Uwar fa?"

"Ana ɗinke ta, lafiya."

"Alhamdu lillahi. Je ki ci abinci, na san ba ki ci ba."

Kwana huɗu jaririyar ta yi a kwalba, ana ba ta nonon uwarta da ɗan kofi. Daga nan aka koya wa Hikmatu ɗaura ta a ƙirji, fata da fata, a rufe da zane, ba a saukewa sai in za a yi wanka. Ran suna tana asibiti, a Gurugu aka yanka rago aka raɗa mata Suhuyini, sunan kakar Razak. Ranar aka sake kawo Mma. Hikmatu za ta shiga wanka, sai tsohuwa ta ce a ɗaura mata. Muka buɗe mata riga, na kwantar da yarinyar tsakanin ƙirjinta na ɗaure da zane. Ta tallafe ta da hannun dama ta jingina.

"A zamaninmu," ta ce, "irin wannan cikin kwali muke sa su, da auduga da kwalaben ruwan zafi. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Nawa suka tashi?"

Mu biyun mun sani, kaɗan ne.

"Kina yawan cewa da can ya fi daɗi," ta ce. "Da can muna da ƙuruciya ne kawai, Farida. Da ƙuruciya da juna."

Ta daɗe zaune haka, tana yi wa yarinyar wata waƙa da Dagbanci ƙasa-ƙasa, har Hikmatu ta fito ta tsaya tana jira, ba ta ce a ba ta ba.

Bayan mako uku Suhuyini ta cika kilo biyu aka sallame su. A Bulpiela Hikmatu ta yi wankan jego. Ran arba'in na je da sikeli, ta kai biyu da ɗari shida, kumatu sun fara fitowa. Jinin Hikmatu ya koma daidai. Da ta koma sana'a Razak ya haɗa mata murhun gas da doguwar kujera, ta ɗauki wata mata mai taya ta, kuma ta zama mai yi wa duk mai cikin da ta zo sayen abinci faɗa kan zuwa awo.

Mma Adizatu ta rasu da bazara, mangwaro na nuna, kwana kaɗan kafin azumi. Ta yi sallar azahar a zaune, ta ce a kwantar da ita, shi ke nan. Ni da wasu mata biyu muka yi mata wanka.

Ran sadakar uku gidan ya cika har titi. Ina cikin mata muna rabon masa sai ga wata baƙuwa ta shigo, yarinya ce da ƙura a ƙafa, da ƙunshin gyaɗa a ka, da ciki a gaba. Ta tsaya tana kallon taron. Hikmatu ta je ta tambaye ta, ta dawo ta ce mini daga wani ƙauye take a hanyar Kumbungu, sunanta Zakia. Uwarta ce ta aiko ta, ta ce ta je Tamale ta nemi Mma Adizatu ta taɓa mata cikin, don watansa biyar amma ya yi kamar na bakwai, kuma ita uwar ba ta yarda da kowa ba sai ita. Tun safe take tambaya unguwa-unguwa har aka kwatanta mata gidan. Ba ta ji labarin rasuwar ba.

Da aka gaya mata sai ta sauke ƙunshin gyaɗar ta zauna a ƙasa. Ba ta san marigayiyar ba ko a ido, amma ta yi kuka sosai, ina jin har da gajiya da tsoro.

Na wanke hannuna daga man masa, na ce wa Hikmatu ta buɗe mana ɗaki. Zakia ta kwanta tana share ido. Na bi cikin a hankali. Ga kai ɗaya a ƙasa. Na hau sama ta dama, sai ga wani.

"A danginku akwai tagwaye?" na tambaye ta.

Ta zaro ido. "Kakata ta haifa sau biyu."

"To, ina jin kin gado ta. Gobe ki zo asibiti mu duba da na'ura mu tabbatar. Yau a nan za ki kwana."

Ta rufe baki da hannu biyu, ta rasa ko dariya za ta yi ko wani kukan. Hikmatu ta fita ta kawo mata masa da ruwa, ta zauna kusa da ita tana ba Suhuyini nono, tana gaya mata abin da za ta riƙa ci da ranakun da za ta riƙa zuwa awo. Washegari na'ura ta nuna biyu ne. Zakia ba ta taɓa fashin awo ba, duk nisan ƙauyensu. Cikin damina ta haifi maza biyu a asibitinmu, ɗaya kilo biyu da ɗari huɗu, ɗaya biyu da ɗari biyu, kuma da ƙafarta ta koma gida da su.